Rawar Martha Graham da tsararta: a ci gaba da takawa ko a bar ta a littafi?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kan darasin da zan koyar zango mai zuwa, wato tarihin rawar dandamali ta zamani. Ga waɗanda ba fanninsu ba ne, ina nufin salon da ya taso a Amurka da Jamus a farkon ƙarni na 20, lokacin da wasu masu rawa, yawancinsu mata, suka yar da takalman bale, wato tsohuwar rawar Turai da ake yi a kan yatsun ƙafa, suka hau dandamali da tafin ƙafa, suka ce jiki ya faɗi abin da ke ransa ba sai ya bi ƙa'idar fadar sarakunan Turai ba.

Jerin da muka gada sananne ne. A fara da Isadora Duncan, a zo kan Ruth St. Denis da mijinta Ted Shawn da makarantarsu Denishawn da suka buɗe a Los Angeles a 1915, sai ɗalibansu Martha Graham da Doris Humphrey da Charles Weidman. A leƙa Jamus a ga Rudolf Laban da Mary Wigman, a dawo kan José Limón. Katherine Dunham da Pearl Primus kuwa mako guda ake ba su a ƙarshe, a ce ga rawar baƙaƙen fata.

To manazarta sun daɗe suna tono, kuma abin da suka tono ba daɗin ji. Ɗalibaina kuma ba karatu kaɗai suke yi ba, suna taka guntayen raye-rayen a gaban jama'a idan zango ya ƙare. Shin in sa su taka na waɗannan mutane, ko in bar su a takarda?

Abdulhadi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ba zan ɓoye ba, a bar su a takarda. Duncan da ake kira uwar wannan rawa, a rubutunta na 1927 ta ce rawar Amurka ta gaba ba abin da zai haɗa ta da jaz, ta kira kiɗan na mutanen daji. Kiɗan jikokin bayi take nufi, kowa ya sani. St. Denis kuma ta fito da rawarta Radha a 1906, ta shafe jikinta da launin ƙasa-ƙasa, ta zauna a matsayin abar bautar Hindu, alhali ba ta taɓa taka ƙasar Indiya ba sai bayan kusan shekara 20. Ita da bakinta ta ce hoton tallan taba sigari mai ɗauke da gunkin Misira ne ya fara sa mata wannan tunani. Ta ga 'yan rawar Indiya na gaske a wurin wasa na Coney Island, ta ɗauki abin da ta ɗauka, sunanta ya shiga littafi, nasu ya ɓace. Akwai kuma Edna Guy, yarinya baƙa da ta yi shekaru tana karatu a hannunta tana yi mata hidima, amma ba a taɓa ɗaukar ta cikin tawagar da ke fita wasa ba.

Malam, yaranmu ne za su shafa launi su kwaikwayi Baturiya tana kwaikwayon Ba'indiya? Me suka ci na asham?

Zainab:
Yaya Abdulhadi, a kan Radha ina bayanka. Amma ka haɗa kowa a kwando ɗaya, kuma a nan nake da ja.

Ina ɗaukar darasin salon Graham a inda nake karatu, kuma wallahi abin da na karanta a kansa kafin in shiga aji bai shirya ni ba ko kaɗan. A ƙasa ake farawa, a zaune, tafin ƙafa ya haɗu da tafin ƙafa. Sai a ce ki fitar da numfashi gaba ɗaya, ki bar mararki ta ja baya kamar an naushe ki, bayanki ya lanƙwasa amma kafaɗunki kada su zube. Sannan ki shaƙi iska, ki miƙe daga ƙugu ƙashi bayan ƙashi har wuya. Tsukewa da sakewa ke nan, a kansu Graham ta gina komai. Ranar da na yi shi daidai sai na ji irin abin da ke kama cikin mutum idan an faɗa masa rasuwa. Sai a lokacin na gane rawarta Lamentation ta 1930, wadda mace ke zaune a kan benci cikin wani yadi mai talewa launin shanshanbale, ba ka ganin komai nata sai fuska da hannuwa da ƙafafu, tana ture yadin daga ciki kamar fatarta ce ta yi mata kaɗan. Bai kai minti biyar ba. Duk wanda ya karanta bayaninsa kawai bai san shi ba.

Littafi idan ba a buɗe shi ba yana nan a kan kanta yana jira. Rawa ba ta da kanta, jikin mutum ne ma'ajiyarta.

Abdulhadi:
Ƙanwata, ban ce ba ta iya ba. Iyawa daban, cancantar a ci gaba da girmamawa daban.

Dakta Bilkisu:
Bari in shigo, domin kalmar da na fi jin tsoro a irin wannan muhawara ita ce "ai zamaninsu ne haka", da ƙanwarta "ai duk kanwar ja ce". Shekara guda ta isa ta rushe su duka biyun, ita ce 1936.

A shekarar gwamnatin Hitler ta shirya gasar Olympics a Berlin, ta kuma gayyaci manyan masu rawa. Graham ta rubuta wasiƙa ta ƙi zuwa. Ta ce an tsananta wa masu fasaha da yawa da take girmamawa an raba su da sana'arsu, kuma a cikin tawagarta akwai waɗanda ba za a yi maraba da su a Jamus ba, wato Yahudawa. A shekarar ce ta fito da Chronicle, rawar mata zalla a kan yaƙi da abin da yake bari a baya. Wigman kuwa ta karɓa, ta tsara rawar makokin matattu da aka taka a daren buɗe gasar. Laban yana riƙe da muƙami a ƙarƙashin ma'aikatar Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya shirya gagarumin wasa, Goebbels ya kalli gwajin ƙarshe ya soke shi, a 1937 Laban ya bar ƙasar. Ga kuma Kurt Jooss, ɗalibin Laban ɗin, wanda ya ci gasa a Paris a 1932 da The Green Table, inda 'yan siyasa masu fuskokin roba ke ciniki a kan tebur mutuwa tana kwashe talakawa. Tun 1933 aka ce ya kori Yahudawan tawagarsa, har da mai tsara masa kiɗa Fritz Cohen. Ya ƙi, ya kwashi mutanensa suka tsallaka iyaka.

Zamani ɗaya, sana'a ɗaya, wasu ma malami da ɗalibi, amma kowa da abin da ya zaɓa. Saboda haka ba a yi wa Wigman uzuri da zamani, ba kuma a shafa wa Jooss kashin kajin wani.

Sai dai, Zainab, kada ki ɗauka na wanke Graham tas. Primitive Mysteries ta 1931 ta samo ta ne daga ibadun 'yan asalin Amurka na kudu maso yamma, a daidai lokacin da hukumar da ke kula da al'amuransu ke da umarnin takura wa raye-rayensu, ana hukunta mutane a kai. Mai abin ana hana shi, baƙuwa tana shan tafi a New York. Appalachian Spring ta 1944 ma, da kiɗan Aaron Copland, ango da amarya suna kafa gida a fili fetal kamar ba a tarar da kowa a wurin ba. Amma ita ɗin ce dai ta ɗauki Yuriko, wadda ta fito daga sansanin da aka tsare 'yan asalin Japan lokacin yaƙi, ta kuma ɗauki Mary Hinkson da Matt Turney a 1951 lokacin da irin waɗannan tawagogi ba sa ɗaukar baƙaƙe. Duk a faɗa wa ɗalibai, wannan da wancan.

Zainab:
Na gode Anti. Maganar hana 'yan asalin ƙasar rawarsu ba a taɓa ambata mana ita a ajin rawa ba, sai a ajin tarihi. Ajujuwan biyu kamar ba su san da juna ba.

Baba Ɗanladi:
Salamu alaikum. Ni ban yi karatunku ba, amma na yi rawa a tawagar jiha tun ina saurayi har gwiwa ta ce ya isa. Yarinyar nan Zainab ta faɗi gaskiya. Akwai taku da na gani wurin dattijan da muka tarar, yau ko ni ba zan iya kawo shi daidai ba, don ba wanda ya riƙe. An ɗauki wasu a kaset, kaset ɗin ya ci ƙura, ko ka kalla ba zai gaya maka inda nauyin jiki yake ba.

Amma shi ma Abdulhadi yana da gaskiyarsa, kuma ba sai an je Amurka ba. An sha sa mu kwaikwayi bori a dandamali. A gidan bori da'ira ake yi, mai garaya yana kallon wadda za ta hau, shi ya san kirarin da zai ja da lokacin da zai ja shi, ana iya kwana ana abu ɗaya. Mu kuwa sai a ce minti bakwai, a jera mu layi, kowa ya fuskanci kujerun manyan baƙi, faɗuwar ma an ƙidaya ta. Mu ake tafa wa, mu ake ba kyauta. Masu abin na ainihi suna bayan gari ana korarsu. Ban taɓa jin an ambaci sunan ɗaya daga cikinsu a lasifika ba. Da Dakta ta kawo maganar Graham da mutanen can, abin da na tuna ke nan.

Maryam:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Ni tambaya ce da ni, don ni 'yar kallo ce a wannan fanni. Wace ce Katherine Dunham da Malam ya ce mako guda ake ba ta? In ta kai su Graham, me ya sa aka ware ta?

Dakta Bilkisu:
Maryam, tambayarki ita ce zuciyar maganar. An haifi Dunham a 1909, ta karanci ilimin al'adun ɗan Adam a Jami'ar Chicago, ta tafi tsibiran Caribbean a 1935, ta fi daɗewa a Haiti, ta zauna da mutane har aka shigar da ita cikin addininsu na gargajiya. Da ta dawo ta gina salon horo cikakke kamar yadda Graham ta gina nata: yadda za a motsa ƙugu shi kaɗai, ƙirji shi kaɗai, kafaɗa ita kaɗai, kowanne yana bin kiɗansa. Ta buɗe makaranta a New York, tawagarta ta zaga ƙasashe da dama da kuɗin guminta.

Me ya sa aka ware ta? Masu sharhi na lokacin, irin su John Martin na jaridar New York Times, su ne suka shata iyakar abin da ake kira fasaha. Idan baƙar fata ta yi rawa irin ta Graham sai a ce kwaikwayo take yi. Idan ta yi mai tushe a Afirka sai a ce ai a jininta yake, ba tunani ba ne. Ta ko'ina ba mafita. A lokaci guda kuma fararen fata irin su Helen Tamiris da Ted Shawn suna rawa da waƙoƙin ibadar bayi ana yaba musu zurfin tunani. Manazarciyar tarihin rawa Susan Manning ta bi diddigin wannan sosai. Kafin ita, a 1970 Joann Kealiinohomoku ta rubuta maƙalar da ta ce bale ma rawar ƙabila ce, ta Turawa, da tatsuniyoyinsu da tsuntsayensu da irin jikin da suke ganin ya yi kyau. Brenda Dixon Gottschild kuma a 1996 ta nuna cewa gwiwa a lanƙwashe, da nauyi a ƙasa, da ƙugu mai motsi da ake yabon rawar zamani da su, akwai hannun Afirka a ciki wanda ba a ambata.

Amma abin da na fi so ku sani shi ne labarin rawarta Southland. Dunham ba mai shiru ba ce. A 1944 a Louisville ta tsaya bayan wasa ta ce wa 'yan kallo ba za ta dawo ba sai ranar da masu irin fatarta za su zauna kusa da su. A 1950 wani otal a São Paulo ya hana ta ɗaki, ta fasa ƙwai, surutun ya kai ga Brazil ta yi dokar hukunta wariyar launi a 1951. Bayan 'yan watanni da abin otal ɗin, a Santiago ta ƙasar Chile, ta fito da Southland. Wata farar mace saurayinta farar fata ya lakaɗa mata duka, ta nuna wani baƙin manomi ta ce shi ne ya yi mata fyaɗe, aka rataye shi. Gawar tana lilo a jikin bishiya a kan dandamali, a gaban kowa. Ofishin jakadancin Amurka ya fusata. Ta sake nuna ta a Paris a 1953, daga nan ba a ƙara ganin ta ba har Dunham ta rasu a 2006. Sai a 2012 tawagar Cleo Parker Robinson ta farfaɗo da ita a Denver, da taimakon matar da ta taka farar macen tun farko.

A tsakanin nan gwamnatin Amurka ta tura Limón Kudancin Amurka a 1954, ta tura Graham Asiya a 1955, da kuɗin hukuma, don nuna wa duniya al'adarta a lokacin yaƙin cacar baka. Tawagar Dunham ba ta samu wannan ba. Kun ga ashe jerin da Malam ya gada ba iyawa kaɗai ta rubuta shi ba, har da wanda aka biya wa kuɗin jirgi.

Abdulhadi:
To Dakta ai kin kawo mini hujja. In akwai Southland, akwai Strange Fruit ta Pearl Primus ta 1943, akwai Revelations ta Alvin Ailey ta 1960, me zai sa Malam ya ɓata zango a kan Wigman? Lokaci kaɗan ne, a ba waɗanda aka danne.

Dakta Bilkisu:
Hujjar tana yanka ta gefe biyu, Abdulhadi. Yadda aka kashe Southland shi ne an hana taka ta. Ni ba na son mu koyi wannan dabara ko da a kan waɗanda muke jin haushi. Kuma Ailey da kake kawowa ɗalibin Lester Horton ne, farar fata, ya kuma ɗauki darasi wurin Graham da Humphrey da Weidman. Ka kalli kashin farko na Revelations, inda suke tsaye a dunƙule hannuwa a buɗe kai a sunkuye, za ka ga tsukewar cikin nan da Zainab ta kwatanta. Ɗalibin da bai san ta a jikinsa ba, ba zai gane abin da Ailey ya karɓa da abin da ya juya ba.

Maryam:
Ita Primus ɗin ba ita ce aka ce ta zo Najeriya ba?

Malam Nasiru:
Ita ce. Haifaffiyar Trinidad ce, ta samu tallafin gidauniyar Rosenwald a 1948 ta zo Afirka ta yi sama da shekara, ta je Najeriya da Laberiya da Kwango da wasu wurare. Ooni na Ife ya sa mata suna Omowale. Fanga da ta shahara da ita, rawar maraba, daga Laberiya ta samo ta. Kuma tambayar da nake so ɗalibaina su yi ke nan: me ya raba ta da St. Denis, tunda ita ma ɗauka ta yi ta kai dandamalin New York? Amsata ita ce ta je, ta zauna, ta koya a hannun masu abin, ta faɗi inda ta samo. Amma ita ma sai da ta yanke ta daidaita don 'yan kallon da ke zaune a layi, irin abin da Baba ya faɗa. Kada kuma a manta da Asadata Dafora ɗan Saliyo, wanda tun 1934 ya cika gidan wasa a New York da Kykunkor. Shi ko makon nan guda ba ya samu.

Sani Damagaram:
Gaisuwa ga kowa daga wannan ɓangaren iyaka. Ina so in kawo misali na kwanan nan, don kada a ɗauka maganar ta tsaya a kan matattu. Pina Bausch ɗalibar Jooss ce, ta tsara rawarta a kan kiɗan Stravinsky, The Rite of Spring, a Wuppertal a 1975. Ana zuba baƙar ƙasa a dandamali, maza da mata suna rawa har gumi ya haɗu da ƙasar ya manne musu, a ƙarshe a zaɓi yarinya guda a sa mata jar riga ta yi rawa har ta faɗi matacciya. École des Sables, makarantar Germaine Acogny da ke Toubab Dialaw a Senegal, ta haɗa kai da gidauniyar Bausch aka tara 'yan rawa sama da 30 daga ƙasashen Afirka 14. An shirya farawa a Dakar a watan Maris na 2020, korona ta rufe komai, sai suka taka ta a bakin teku aka ɗauka a bidiyo. A 2021 suka fara nunawa a Madrid.

Na kalli na Jamusawa na kalli nasu. Taku ɗaya ne, ba a canza ko ɗaga hannu ba. Amma lokacin da matan suka dunƙule wuri guda suna miƙa wa juna jar rigar, kowace tana tsoron kada ta zama ita ce, ni auren dole na gani, na ga yaran da ake sacewa a makarantu. Bausch ba ta yi tunanin wannan ba, jikin da ya taka ne ya kawo shi. Don haka nake ganin sake takawa ma sharhi ne, wani lokaci ya fi na alƙalami kaifi.

Abdulhadi:
Malam Sani, na kalla ni ma, kuma ya taɓa ni, ba zan musa ba. Amma duba tsarin. Daga Jamus aka turo masu koyarwa, lasisi yana hannun gidauniya, ba mai ikon sauya taku ɗaya, yawancin wuraren da aka nuna ta a Turai da Amurka suke. Sannan baƙaƙen jikkuna cikin ƙasa suna yanka budurwa don tsafi, ka tabbata abin da ka gani shi mai kallo a Landan ya gani? Ina tsoron ya ga abin da kakansa ya daɗe yana faɗa a kanmu ne. Ranar da tawagar Wuppertal za ta zo ta yi watanni tana koyon aikin Acogny taku bayan taku, ana gyara mata kuskure, ranar zan ce an yi musaya.

Sani Damagaram:
Wannan tsoron halal ne. Sai dai Acogny ba yarinya ba ce da za a yi wa wayo. Ita ta shugabanci makarantar rawa ta Mudra Afrique a Dakar daga 1977 zuwa 1982, tana da salonta da ake koyarwa a ƙasashe, kuma a wasan nan da kanta take fitowa kafin a fara, ita da Malou Airaudo tsohuwar 'yar rawar Bausch, mata biyu da suka haura saba'in suna rawa tare a matsayi ɗaya. Matasan kuma sun samu aiki da albashi da suna. Ban ce ya wadatar ba.

Zainab:
Maganar lasisi ta tuna mini, Malam, ka bincika kafin ka sa a taka komai a bainar jama'a. Waɗannan ayyuka suna da masu su. Bayan rasuwar Graham a 1991, magajinta Ron Protas ya ce raye-rayen nasa ne, rigima ta kai tawagarta ta daina wasa a 2000. A 2002 kotu a New York ta duba guda 70, ta ce 45 na cibiyar Graham ne, 10 na kowa da kowa ne, shi guda ɗaya tak ya samu. Na Dunham da Ailey da Limón ma ba a ɗauka haka kawai daga YouTube.

Amma akwai hanya. Tun 2007 tawagar Graham da kanta take gayyatar matasan masu tsara rawa su kalli tsohon fim ɗin Lamentation su yi tasu amsar, gajeriya, cikin ɗan lokaci. Ɗalibanka za su iya koyon salon a aji, su kalli asalin, sannan abin da za su nuna wa jama'a ya zama nasu.

Malam Nasiru:
Allah ya saka wa kowa. Ga inda na karkata. Zan rushe jerin, in koyar da su bibbiyu a mako guda: St. Denis da Primus, Wigman da Jooss, Graham da Dunham, Dafora kuma ya samu wurinsa a shekarun 1930 inda ya dace. Radha kallo za mu yi mu tattauna, ba mai shafa launi. Salon Graham da na Dunham za a koya a jiki. Wasan ƙarshe amsoshin ɗalibai ne, kuma kafin kowane yanki ɗalibi zai fito ya faɗi daga ina aka samo, wa aka ambata, wa aka bari. Ina kuma tunanin The Moor's Pavane ta Limón ta 1949, labarin Othello da mutum huɗu da hankici guda, don tambayar wa ya kamata ya taka Bamoren, mutumin Arewacin Afirka, za ta tayar da ajin.

Abdulhadi:
Ya fi na da nesa ba kusa ba, Malam. Amma a kan Wigman ina nan a kan bakana. A nuna guntun fim ɗin rawarta Hexentanz, wato rawar mayya, tana zaune a ƙasa da fuskar katako tana buga dunduniya tana yaƙushin iska, a faɗi abin da ta yi a 1936, a wuce. Kada a sa yaro ya sa wannan a jikinsa. Zainab ce ta ce abin da ka taka yana shiga cikinka, to ni na yarda da ita, shi ya sa.

Dakta Bilkisu:
Hexentanz ta riga mulkin Nazi, ta farko 1914, ta biyu 1926. Amma tambayar ko akwai abin da ke cikin irin wannan rawa, na miƙa wuya ga wani ƙarfi da ya fi mutum, wanda ya sa ta yi wa gwamnatin daɗin amfani, manazarta ba su gama da ita ba har yau. Nasiru, ka ba ɗalibai wannan saɓanin yadda yake, ka bar wanda ya ƙi takawa ya rubuta dalilinsa a ba shi maki.

Zainab:
Malam, a duba daɓen ajin ma. Salon Graham akwai faɗuwa da aikin gwiwa da yawa, in siminti ne tsirara yara za su ji ciwo tun makon farko. Ko katako a shimfiɗa, ko a rage faɗuwar.

Baba Ɗanladi:
Na ji an ce ita Dunham da makaɗa take koyarwa a aji, ba da faifai ba. To Malam kada ka kunna musu waya. Makaɗi yana ganin ƙafar da ta makara ya jira ta, ko ya kore ta gaba. Akwai yaran da muka horar suna nan garin, ganga da kalangu duk suna bugawa, zan haɗa ka da biyu. A rubuta sunayensu a takardar shirin wasa tare da na kowa, kuma a sa kuɗinsu a kasafi tun yanzu, kada a bari sai ranar wasa a ce za a gani.